Yadda Ake Ɗaukar Hoton Iyali a Waje Idan Akwai Ƙananan Yara

Duk lokacin da sallah ta ƙarato ko aka ba da hutun makaranta, koke ɗaya ne ke dawowa. An ɗinka wa yara kaya, an fita da waya ko kyamara, an ɗauki hoto ya fi ɗari, amma da aka dawo gida babu ko ɗaya da za a iya sawa a firem. Wannan ya rufe ido, wancan ya juya ƙeya, auta tana kuka, fuskar maigida ta yi duhu shaddarsa kuma ta yi fari fat har ba a ganin aikin wuya. Galibi laifin ba na yaran ba ne, ba kuma na kyamara ba. Ɗan shekara biyu da wuya ya ba ka haɗin kai fiye da minti 20, saboda haka duk wani tunani kan wuri, haske da saitin kyamara sai ka gama shi kafin yaron ya iso. Ga yadda ake jera aikin.

1. Tsayar da lokaci

Rana tsaka ba lokacin hoton fuska ba ne. Daga wajen ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma rana tana bisa kai, tana zuba inuwa a kwarmin ido da ƙarƙashin hanci, goshi yana ƙyalli, kowa yana runtse ido.

Ma'aunin da ba ya buƙatar agogo shi ne inuwarka. Idan ta ninka tsayinka biyu, haske ya fara laushi, za a iya farawa. A Kano da garuruwan da ke kusa, rana na faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 6 a watan Disamba, sannan wajen 7 saura minti 10 a watan Yuni da Yuli. Ka ɗauki lokacin magariba na garinku, ka koma baya da awa ɗaya da rabi, shi ne lokacin da iyalin za su kasance a wurin, a shirye. Da safe ma haske yana da kyau, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 8, kuma jarirai sun fi sakin jiki a lokacin.

Hattara: da hunturu rana tana nutsewa cikin hazo tun ba ta kai ƙasa ba, haske ya mutu da wuri. A irin wannan rana ka matso da lokacin da rabin awa. Da bazara kuwa, watan Maris zuwa Mayu, zafi kan wuce maki 40 kuma ƙasa ba ta hucewa da wuri, don haka safiya ta fi.

Kafin ka yanke, tambayi uwar yaran lokacin da ƙaramin cikinsu yake barci da lokacin da yake cin abinci. Idan lokacin haske mai kyau ya ci karo da barcin yaro, a bi na yaro, a nemi inuwa. Hasken da bai cika ba ana iya gyara shi, yaron da aka tasa daga barci kuwa ba ya gyaruwa.

2. Je ka ga wurin tun kafin ranar

Ka je a daidai lokacin da kuka tsayar, ka tsaya inda za su tsaya, ka duba abu huɗu.

Na farko inuwa mai faɗi. Gindin mangwaro ko tsamiya, ko gefen katanga mai tsawo, sun fi gindin darbejiya mai ƙarancin ganye, domin rana na ratsa irin wannan ganye ta yi wa fuska dabbare-dabbare, kuma wannan tabon ba ya fita wajen gyara. Na biyu abin da zai kasance a bayansu: ka nemi tazarar aƙalla mita 5 tsakaninsu da bango ko bishiyoyin baya, ka kauce wa turken lantarki, tankin ruwa, motoci da ledojin da iska ta rataye a ƙaya. Na uku ƙasan wurin, musamman idan za a shimfiɗa darduma. Da damina da kaka ciyawa na ɓoye cinnaka da ƙarangiya, ita kuwa ƙarangiya idan ta kama leshi ko safar yaro hoton ranar ya ƙare. Na huɗu haɗari: titi, rijiya, kududdufi.

Ba sai an je wurin shaƙatawa ba. Tsakar gida mai bishiya, gonar dangi a bayan gari ko filin makaranta ranar hutu duk suna yi, kuma yaro ya fi sakewa a inda ya sani.

Hattara: wasu wuraren shaƙatawa da otal-otal suna karɓar kuɗi daban idan suka ga babbar kyamara, ban da kuɗin shiga. Ka tambaya tun ranar da ka je dubawa. Kada kuma ka ɗaga kyamara kusa da bariki, shingen jami'an tsaro ko ginin gwamnati.

3. Haɗa kayan aiki

Wayar da ke hannunka ta isa idan ka bi ƙa'idar haske. Abin da za ka ƙara mata shi ne farin kwali babba na masu sayar da kayan makaranta, wanda zai riƙa mayar da haske kan fuska. Shi ne mafi arha a cikin kayan, kuma bambancin da yake kawowa ya fi na wasu abubuwa masu tsada. Faifan mayar da haske da ake naɗewa, mai faɗin santimita 80 ko 110, ya fi shi ƙarko. Ka yi amfani da farin gefensa, domin gefen azurfa yana kashe wa yara ido.

Mai kyamara kuwa, gilashin da ta zo da shi mai 18-55mm zai yi aiki idan an zuƙo shi zuwa 35 ko 55. Idan za ka kashe kuɗi a abu ɗaya, ka kashe a gilashi mai 50mm f/1.8 (lambar f tana nuna faɗin ƙofar haske), wanda yana cikin mafi arha a wajen Canon da Nikon, ko mai 35mm f/1.8 na Nikon, kuma ana samun na hannu. Sabon gilashi a kan tsohuwar kyamara ya fi sabuwar kyamara da gilashin banza.

Hattara: tsohon gilashin Nikon 50mm f/1.8D ba ya kama saiti da kansa, wato ba ya daidaita kansa hoto ya fito tar, a kan kyamarorin jerin D3000 da D5000. Mai irin waɗannan ya nemi wanda aka rubuta AF-S a jikinsa. Bin yaro mai gudu da murɗa saiti da hannu wahalar banza ce.

Sauran kayan: batir biyu cikakku, katin mamori na 32GB da aka kwashe, ƙyallen goge gilashi, darduma ko tabarma mai launi ɗaya, ruwan sha, tishu, man shafawa. Idan mai ɗaukar hoton shi ma yana cikin iyalin, sai an samu mariƙi mai ƙafa uku da ɗan rimot. Da hunturu ka ɗaura gilashi ɗaya tun daga gida, kada ka sauya a fili, domin ƙura na shiga cikin kyamara ta bar ɗigo a kowane hoto.

Idan hayar mai hoto za ku yi, ku daidaita tun farko kan hotuna nawa zai gyara, ko kuɗin ya haɗa da wankewa da kuɗin mota, da kuma ranar da zai kawo. Rigimar da ake yi daga baya kusan duk daga nan take tasowa.

4. Sutura da cikin yara

A zaɓi launi biyu ko uku da suka dace da juna, a raba su a jikin iyalin. Idan Umma ta sa atamfa mai manyan zane, sauran su sa yadi mara zane. Anko yana da kyau a biki, amma mutum shida cikin atamfa ɗaya a hoto guda ido ba ya samun wurin sauka, fuskoki sai su ɓace a cikin zane.

Farar shadda mai ƙyalli ita ce mafi wuyar ɗauka. Kyamara ba ta iya riƙe farin da ke walƙiya da baƙar fata a lokaci guda: ko fuska ta yi duhu ko riga ta ƙone. Ruwan madara, ruwan toka, shuɗi mai sanyi ko ruwan ƙasa sun fi sauƙi. Hijabi ko mayafi mai kaifin launi, kamar ja ko kore shar, yana zuba launinsa a kumatu da haɓa. Yadi mai siraran layuka kuma yana yin wani rawa-rawa a hoto.

A ciyar da yara kafin a fito, a sa musu kayan a ƙarshe. Sabon takalmi da sabon ɗinki mai sitati a gwada musu kwana ɗaya kafin ranar, domin yaron da takalmi ke cizo ba zai iya faɗa ba, kuka kawai zai yi. Da hunturu a shafa musu mai a leɓe, gwiwa, gwiwar hannu da ƙafa, amma kaɗan a goshi don kada ya yi ƙyalli.

Hattara: kada a zo da zoɓo, cakulan ko alewa mai rina harshe. Biskit da ruwa sun isa. Kada kuma a miƙa wa yaro waya don ya yi shiru kafin a fara, karɓe ta shi ne farkon kuka.

5. Saita kyamara kafin su iso

Babban abin da ke ɓata hoton yara shi ne dishi-dishi na motsi. Maganinsa saurin ƙiftawar kyamara. Ga iyalin da ke zaune, 1/250 na daƙiƙa shi ne ƙarshen ƙasa, kada a yi jinkirin da ya fi haka. Ga yara masu tafiya ko wasa 1/500, masu gudu 1/1000.

Sai faɗin ƙofar haske, wato lambar f: ƙaramar lamba tana nufin ƙofar ta buɗe sosai. Sabon mai gilashin f/1.8 yakan bar shi a buɗe har ƙarshe saboda yana son baya ya narke, sai ya ga mutum ɗaya ne ya fito tar, sauran sun yi hazo. Dalili kuwa lissafi ne. Gilashi mai 50mm a kan ƙaramar kyamara irin ta masu farawa, a f/1.8, daga nisan mita 2, zurfin da zai fito tar bai wuce santimita 11 ko 12 ba. Idan ka koma f/5.6 ka ja baya zuwa mita 4, zurfin ya kusa mita ɗaya da rabi. Don haka yaro ɗaya f/2.8, mutum biyu ko uku a layi ɗaya f/4, iyali mai layi biyu f/5.6.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka juya zuwa M, wato saitin hannu, ka sa 1/500 da f/4, ka bar ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a kan Auto da iyakar 3200. A inuwar yamma zai fara daga wajen 400 ya riƙa hawa yayin da rana ke sauka. Kada hawan ya dame ka. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana iya gyara shi, wanda ya yi dishi-dishi kuwa sai shara. Ka sa saiti mai bin motsi, wanda Canon ke kira AI Servo ko Servo, Nikon da Sony kuma AF-C, ka kunna gano ido idan kyamararka tana da shi, sannan ka sa ɗauka a jere.

Mai waya ya goge gilashin tukuna, domin maiƙon yatsa ne ke sa hoto ya yi kamar an ɗauka cikin hayaƙi. Ya yi amfani da 1x ga iyali gaba ɗaya, 2x ga fuska, ya guji 0.5x saboda yana miƙe kan wanda ke gefe. Kada ya zuƙo da yatsu biyu, ya matsa da ƙafa. Ya kashe filasha, ya kashe gyaran fuska da wayoyi da yawa ke zuwa da shi a kunne, wanda ke goge fata ya hasketa har yaro ya koma kamar 'yar tsana. Don ɗauka a jere, a sababbin iPhone ana jan maɓallin ɗauka zuwa hagu, a Samsung ana jan shi ƙasa.

Hattara: yanayin Portrait na waya, mai narkar da baya, yana rikicewa da mutum fiye da biyu, yana cin gefen ɗankwali da kitso. A bar shi ga yaro ɗaya da ke tsaye cak.

6. Tsayar da su a haske

Kuskuren da aka gada shi ne a ce wa mutane su fuskanci rana. Sakamakonsa runtse ido da hawaye. Akwai tsayuwa biyu masu kyau.

Ta farko a bakin inuwa: suna cikin inuwa, amma taku ɗaya ko biyu daga inda ta ƙare, fuskokinsu na kallon fili. Idan suka shige can gindin bishiya, haske yana ƙarewa, fata kuma ta ɗauki launin kore. Ta biyu rana a bayansu, ta ɗan karkata gefe, lokacin da ta yi ƙasa. Tana zana haske a gefen hula da mayafi, fuska kuma ta huta. A nan ne kwali ke aiki: wani ya riƙe shi a gefenka, daidai ƙirji, nisan mita ɗaya zuwa biyu daga gare su, ya karkata shi har ka ga ɗigon haske a ƙwayar idonsu.

Idan rana tana baya kyamara takan ruɗe ta mayar da fuska duhu. Ka ƙara haske da +0.7 ko +1 a saitin kyamara mai alamar +/-. A waya ka taɓa fuskar, ka ja alamar rana sama kaɗan. Fuska ake aunawa, ba riga ba, ba sama ba. Idan akwai mai fararen kaya, ka sa shi a gefen da haske ya fi rauni.

Ranar da hadari ya rufe sama da damina, ba ka buƙatar ko ɗaya daga cikin wannan. Ko'ina inuwa ne.

7. Fara da hoton dole

Hoton da kowa ke ciki yana kallon kyamara shi ne wanda za a tura wa dangi, kuma shi ne mafi wuya, don haka a yi shi a minti biyar na farko, kaya ba su yamutse ba, haƙuri bai ƙare ba.

Ka zaunar da manya tukuna, ka gwada haske a kansu, ka gama komai, sannan a kawo yara. Zama ya fi tsayuwa domin yana kusanto da kawuna. Abba da Umma a kan darduma kafaɗa na taɓa kafaɗa, jariri a cinya yana fuskantar ka, ɗan shekara biyu a cinyar ɗayan, manyan yara a durƙushe a baya ko jingine a gefe. Kada kawuna su jeru a layi ɗaya kamar hoton makaranta, wani sama wani ƙasa. A rufe duk wata tazara tsakanin jiki da jiki.

Kai ma ka durƙusa, kyamara ta zo daidai idon yaran. Hoton da aka ɗauka daga tsaye yana mayar da yaro babban kai da ƙananan ƙafafu.

Ka gaya wa iyaye tun farko: "Ku ku kalle ni kawai ku yi murmushi, yaran ku bar min su." In ba haka ba, a daidai daƙiƙar da auta ta kalli kyamara, Umma tana kallon auta tana cewa ta kalli kyamara. Mai jan hankalin yara mutum ɗaya ne, ya tsaya a bayanka daidai saman kanka. Idan mutum uku suna kiran suna daga wurare uku, ido zai watse. Ka ɗauki goma ko fiye a jere, domin a cikin mutum shida da wuya a rasa mai ƙiftawa.

Hattara: ka bar fili a gefe da sama. Kyamara tana ɗauka a ma'aunin 3:2, waya 4:3, firem na inci 8 da 10 kuwa 4:5 ne, wajen wankewa sai an yanke. Wanda ya cika hoton taf zai ga an sare hular Abba ko ƙafar yaro.

8. Sake su su yi wasa

Hotunan da aka fi so daga baya yawanci a nan suke fitowa. Ƙa'idar ita ce kada ka ce wa yaro ya yi dariya, ka ba shi abin yi.

Jaririn da bai fara zama ba yana hannu ko a goye, a ɗauke shi ta kan kafaɗar uwarsa. Mai wata bakwai zuwa goma ana iya zaunar da shi a darduma, babba yana kusa hannu a shirye. A waɗannan watannin ne ƙyuya ke tsananta, don haka kada ka miƙa hannu ka ɗauke shi, ka tsaya nesa ka zuƙo. Mai koyon tafiya a yi masa tatata tsakanin Abba da Umma, kai kana gaba a durƙushe. 'Yan shekara biyu zuwa huɗu ba a tsayar da su, ana ba su inda za su je: "Ruga ka taɓa Abba ka dawo", ko su rugo wajenka daga bishiya. Manyan yara ka ba su muƙami. "Yaya, riƙe hannun ƙanwarki ku taho a hankali." Ka ce ɗaya ya raɗa wa Umma wani sirri a kunne, ko 'yan mata su yi tafa-tafa, ko kowa ya yi wa Abba cakulkuli.

Idan akwai kaka a wurin, aikinka ya ragu da rabi. Ka zaunar da ita da jikokin, ka bar ta ta tsokani "mai gidanta" ko "kishiyarta". Dariyar da wasan kaka da jika ke fitarwa babu mai hoton da zai iya ƙirƙiro ta.

A kowane wasa ka ɗauki na nesa da ke nuna wurin, na tsakiya daga gwiwa zuwa sama, da na kusa: hannun jariri a cikin na kaka, lalle a tafin yarinya, hular da ta karkace. Kada ka riƙa duba bayan kyamara bayan kowace ɗauka, abin da kake jira yana faruwa ne lokacin da kanka ke sunkuye.

Hattara: ba a cilla jariri sama don hoto, ba a ɗaga ƙaramin yaro ta hannu ɗaya ko a lila shi da hannuwa domin gwiwar hannunsa na iya gocewa, ba a zaunar da shi a kan katanga ko bayan mota ba mai riƙe da shi.

9. Idan kuka ya ɓarke

Ka sauke kyamara daga kansa. A ba shi ruwa, uwarsa ta ɗan zaga da shi, kai kuma ka ɗauki sauran yaran ko Abba da babban ɗansa. Tsawa, harara da "za ka sha duka in mun koma gida" suna iya sa yaro ya yi shiru, amma jan ido da kumburin fuska za su fito a hoton. Idan ya lafe a kafaɗar uwarsa, wannan ma hoto ne, ka ɗauka daga gefe ba tare da ka kira shi ba. Idan ya yi kuka karo na biyu, an tashi. Duka zaman kada ya wuce minti 40.

10. Zaɓe da gyara

Kafin komai ka kwafe hotunan zuwa wuri na biyu. Sannan ka zaɓi waɗanda kake so maimakon ka tsaya goge waɗanda ba ka so: daga 300 ka fitar da 20 zuwa 30. Kowane ka buɗe shi ka duba ido, in ido bai fito tar ba a wuce shi.

Manhajojin gyaran hoto Snapseed da Lightroom na waya sun isa. Ka miƙe hoton idan ya karkace, ka ɗaga inuwa kaɗan, ka rage ƙarfin fari don aikin shadda ya dawo, ka gyara launi idan ciyawa ko jar ƙasa ta rina fata. Hoton hunturu yana son a ɗan ƙara masa kaifi saboda hazo. Majina, ƙuda da ledar da ke baya a goge su. Launin fata kuwa a bar shi yadda Allah ya yi shi. Yawan haskawa na mayar da fata ruwan toka, kuma fuska ta saɓa da hannu.

11. Turawa da wankewa

Idan aka tura hoto a WhatsApp yadda aka saba, yana matse shi ya rage girmansa. Wanda za a wanke a tura shi a matsayin fayil, ko a kai wa mai wanki a filas. Inci 8 da 10 yana buƙatar aƙalla ɗigon hoto (pixel) 2400 da 3000 kafin ya fito tsaf. A fara wanke guda ɗaya ƙarami, inci 4 da 6, a duba launin fata a hasken rana kafin a biya kuɗin babba, kuma a gaya wa mai wankin kada ya ƙara nasa gyaran. Wanda za a sa a bayan gilashin firem a wanke shi a takarda mara ƙyalli, mai ƙyallin tana mannewa da gilashi idan damina ta yi.

Hattara: kafin ka ɗora ko da hoto ɗaya a Facebook, Instagram ko sitatus, ka nemi izinin maigida da uwargida, ka nuna musu ainihin wanda za ka ɗora, domin gidaje da yawa sun yarda a ɗauka amma ba su yarda a yaɗa ba. Ka duba kada bajen makarantar yaro, lambar gida ko lambar mota su fito, ka kuma kashe alamar wurin da waya ke liƙa wa hoto.